Likita Tana Garwa

Mun bar Garwa bayan la'asar,
ni da Baba, da takardar asibiti a aljihuna.
Idonsa na dama an naɗe shi da auduga da filasta,
na hagu kuwa tuni yana ta cinye shi.
Likita ta ce kada ya sunkuya,
kada ruwa ya taɓa wurin, kada mota ta jijjiga shi.
Na ce to.
Ban gaya mata halin hanyarmu ba.

A Pitowa hadari na can gabas ya haɗe rai,
mai gasa masara tana tattara gawayinta.
A Figil muka yi magariba, na sha mai na sefa dubu biyar.
Jandarma ya haska mu, ya ga filasta,
ya saki igiya bai tambayi takarda ba.

Sai iska.
Ta fara da ledoji, ta koma rassan darbejiya,
sannan kwanon rufin wani bawan Allah
ya gifta gabanmu yana juyi kamar an wurga faifai.
Ruwan nan ba sauka ya yi ba, juye shi aka yi.
Waifa ɗaya ce ke aiki, ta gefen Baba,
tana share wa wanda ba ya gani.

Walƙiya ta buɗe duniya:
duwatsu, gonar auduga, jaki tsaye kai a ƙasa.
Ta rufe.
Aradu ta biyo baya, na ji ta har a haƙorana.
Na ɗauko Ayatul Kursiyyu, na ɓace a tsakiya,
na sake ɗaukowa, na ɓace a wuri guda.

"Mamuda, sauke giya."
"Baba, ba na ganin komai."
"Ni na ce maka ina gani? Koma ta biyu.
Sauke mini gilashi kaɗan."
"Ai likita ta ce..."
"Likita tana Garwa."

Shekara talatin da ɗaya ya ja motar auduga a kwaltar nan,
tun ina ƙirga tafiyarsa da buhun gawayin Inna.
Ya karkata kunne wajen taga.
"Ka ji taya ta sauya murya? Tsakuwa ka hau, dawo hagu.
Gangara ce nan. Bayanta kwana, tana cin dama.
A nan Ɗan'asabe ya kifar da siminti
shekarar da aka yaye ka."
Ina bi.
Ni mai ido biyu, ina bi.

Can ya dafa gwiwata.
"Tsaya."
"Me ya faru?"
"Tsaya, na ce. Wannan ba ƙarar ruwan sama ba ce.
Ruwa ne mai tafiya."
Na taka birki. Walƙiya ta sake leƙowa:
mayon da na sani da yashi da sawun shanu
ya hau titi, ja wur,
yana mirgina kututture kamar tabarya.
Tsakaninmu da shi bai kai tsawon motar ba.

Awa biyu muka zauna, inji a kashe.
Rufin yana ɗiga daidai kansa,
na cire hulata na tare masa ido.
Hannuna ya sage, ban sauya ba.
Ya ɓare goro a duhu, ya miƙo mini babban ɓarin.
Ba mu taɓa zama haka ba, ni da shi,
ba rediyo, ba baƙo, ba wanda zai tashi ya fita.

Mun shiga Marwa kwaɗi na ta hayaniya,
babu wuta tun daga Salak.
Uwani na ƙofar gida da fitilar waya, zani a jiƙe.
Ta ce, "Sannunku, ya hanya?"
Baba ya laluba ƙofar mota, ya sauko da ƙafar dama.
Ya ce, "Lafiya lau. Yaron ya iya tuƙi."

Ban gyara masa ba.
Na tsaya ina matse hula,
yatsuna har yanzu a lanƙwashe,
kamar sitiyarin bai sake su ba.